Florence Nightingale

Florence Nightingale (12 ga Mayu 1820 – 13 ga Agusta 1910) ma'aikaciyar jinya ce 'yar Ingila, kuma masaniyar ƙididdiga. Ita ake ɗauka a matsayin wadda ta kafa tushen aikin jinya na zamani, musamman wajen haɗa koyon aiki da tarbiyyar ɗalibai.

Farkon rayuwa

An haife ta a birnin Florence na ƙasar Italiya, kuma sunan birnin aka raɗa mata. Iyayenta masu hali ne, ba su so ta yi jinya ba, domin a wancan zamanin aiki ne da ake rainawa. Duk da haka ta samu horo a Kaiserswerth da ke Jamus a 1851. A 1853 ta zama shugabar wani asibitin mata a Landan.

Yaƙin Kirimiya

A 1854 ta jagoranci ma'aikatan jinya 38 zuwa asibitin sojojin Birtaniya da ke Scutari, a Turkiyya ta yau. Ta tarar cewa kwalara, taifot da atuni sun fi raunukan yaƙi kashe sojoji. Ta tsaya kan tsaftar ɗakuna, wankin tufafi da ingantaccen abinci. Yawan zagayen da take yi da fitila cikin dare tana duba majinyata ya sa sunanta ya bazu a Ingila. Bayan yaƙin ta yi amfani da alƙaluma wajen nuna wa hukuma cewa yawancin mace-macen ana iya kauce musu.

Makarantar jinya da ɗa'ar aiki

A 1860 ta buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas da ke Landan, da kuɗin da jama'a suka tara don girmama ta. An fara da ɗalibai 15, horon kuma na shekara ɗaya ne. Ana rubuta rahoto kan kowace ɗaliba, a auna ƙwarewarta da kuma halinta: gaskiya, riƙon amana, zuwa aiki kan lokaci, natsuwa da tsafta. Wadda aka samu da maye tana iya rasa gurbinta.

A littafinta Notes on Nursing na 1859 ta bayyana cewa wajibi ne ma'aikaciyar jinya ta lura da majinyaci da kyau, ta faɗa wa likita ainihin abin da ta gani, ta kuma riƙe sirrin majinyaci.

Rantsuwar da ɗaliban jinya ke yi da sunanta ba ita ta rubuta ba. Wani kwamiti ƙarƙashin Lystra Gretter ne ya tsara ta a Detroit ta Amurka a 1893.

Rasuwa

A 1907 ta zama mace ta farko da aka ba lambar girma ta Order of Merit. Ta rasu a Landan tana da shekara 90, aka binne ta a East Wellow. Ana bikin Ranar Ma'aikatan Jinya ta Duniya kowace 12 ga Mayu, ranar haihuwarta.