Victor Hess: Masanin da ya gano tururin da ke zuwa daga sararin samaniya

An haifi Victor Franz Hess ranar 24 ga watan Yunin 1883 a yankin Styria na ƙasar Ostiriya, ya kuma karanci kimiyyar fiziya a Jami'ar Graz.

A wancan zamani masana sun san akwai wani tururi a cikin iska wanda ido ba ya gani, amma akasarinsu sun ɗauka daga duwatsu da ƙasa yake fitowa. Idan haka ne, ya kamata ya riƙa raguwa yayin da mutum ya yi sama.

Domin tabbatar da gaskiyar lamarin, Hess ya riƙa shiga balan-balan da na'urorinsa a 1911 da 1912, dare da rana, duk da haɗarin sanyi da ƙarancin iskar shaƙa.

A ranar 7 ga watan Agustan 1912 ya kai tsayin mita 5,300. A can ya tarar tururin ya ƙaru matuƙa maimakon ya ragu, abin da ya nuna daga wajen duniya yake zuwa.

Wasu manyan masana sun daɗe suna shakkar sakamakon, amma a 1936 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Carl Anderson na Amurka.

Shekara biyu bayan nan 'yan Nazi suka mamaye Ostiriya, aka raba shi da aikinsa. Da yake matarsa Bayahudiya ce, sai suka yi ƙaura zuwa Amurka, inda ya koyar a Jami'ar Fordham. Ya rasu ranar 17 ga watan Disambar 1964.

Yanzu an san wannan tururi ƙananan ɓarɓashin ƙwayar zarra ne masu gudu kusan na haske, kuma iskar duniya na tarwatsa su kafin su iso ƙasa. Shi ya sa masana suka bi sawun Hess, suna kai na'urorinsu can sama da ita.

A 1984 hukumar NASA ta harba tauraron LDEF ɗauke da faifan roba na musamman, waɗanda ba sa buƙatar lantarki. Duk ɓarɓashi mai nauyi da ya ratsa su sai ya bar tabo. A 1990 aka dawo da su ƙasa, masana suka shiga ƙirga tabban da madubin ƙara girma.