Jems Madisan, mutumin da ya raba iko

Mai karatu, ka san murhu. Tukunya ba ta zama bisa dutse guda, sai uku. To, riƙe wannan a ranka. Yau za mu ba ka labarin mutumin da ya girka mulkin ƙasarsu bisa duwatsu uku. Sunansa Jems Madisan, ɗan Amurka.

An haife shi a shekara ta 1751 a Birjiniya. Ubansa babban manomin taba ne, mai gonaki da bayi. Jems gajere ne, siriri, mai yawan laulayi. Muryarsa ma ba ta kai nesa. Amma fa akwai shi da karatu.

A 1776 jihohi 13 suka ɓalle daga hannun sarkin Ingila. Sun sha wuyar sarki, don haka suka ƙi bai wa gwamnatin tsakiya ƙarfi. Ko haraji ba ta da ikon karɓa, sai dai ta roƙi jihohi. Bashin yaƙi ya yi mata katutu. A 1786 manoman jihar Masachusets, waɗanda bashi ya sha musu kai, suka ɗauki bindigogi suka rufe kotuna. Ƙasa ta kama hanyar watsewa.

A 1787 wakilai 55 suka taru a birnin Filadelfiya don neman mafita. Madisan yana da shekara 36. Ya zo da shirinsa a hannu. Kullum yakan zauna gaba, yana rubuta abin da kowa ya faɗa.

Ga tunaninsa. Bai kamata ƙasa ta dogara ga kirkin shugaba ba, don na kirki yakan mutu, wani kuma mulki ya juyar masa da kai. Masu rinjaye su ma suna iya danne marasa rinjaye. Mene ne magani? A raba iko.

Rabo na farko shi ne duwatsun nan uku. Majalisa ke yin doka. Shugaban ƙasa ke zartar da ita. Alƙalai ke yin shari'a. Kowane yana iya taka wa ɗan'uwansa birki. Shugaba na iya ƙin sa hannu ga doka, amma in kashi biyu bisa uku na majalisa suka nace, sai ta wuce.

Rabo na biyu tsakanin gwamnatin tsakiya ne da jihohi. Buga kuɗi, shelar yaƙi da ƙulla yarjejeniya da ƙasashen waje na tsakiya ne. Sha'anin makarantu, aure da gado na jiha ne. Wannan shi ake kira tarayya.

Kada ka zaci duk abin da ya so ya samu. Ya so jiha mai yawan jama'a ta fi yawan kujeru a majalisu biyun. Ƙananan jihohi suka ce ba su yarda ba. Aka sasanta: a majalisar wakilai a bi yawan jama'a, a ta dattawa kowace jiha kujera biyu. Madisan ya haƙura ya sa hannu. Shi da abokansa biyu suka rubuta maƙala 85 don jawo hankalin jama'a ga sabon tsarin.

Da fari bai ga amfanin jera haƙƙoƙin ɗan ƙasa cikin tsarin ba. Mutane suka matsa, ya canza ra'ayi. Shi da kansa ya kai batun majalisa. A 1791 aka ƙara gyara goma, har da ƴancin addini, na faɗin albarkacin baki da na jaridu.

Ya shugabanci ƙasa daga 1809 zuwa 1817. Ya rasu a 1836, yana da shekara 85.

Sai dai akwai tabo, ba za mu ɓoye maka ba. Madisan ya mallaki bayi fiye da 100, baƙar fata, bai kuwa ƴanta su ba. Tsarinsa bai kare su ba. Sai a 1865, bayan yaƙin basasa, aka gyara shi aka haramta bauta.

Yanzu duba kusa da kai. A ƙungiyarku ta manoma ko ta adashi, wa ke riƙe da kuɗi? Wa ke rubutawa? Wa ke bincike? In mutum guda ne, to, tukunyarku bisa dutse guda take.