Pierre Curie: Masanin da ya tatso lantarki daga farin dutse

Duk wanda ya ɗaura agogon hannu mai batir yana cin gajiyar aikin Pierre Curie, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Sunan matarsa Marie ya danne nasa a bakin duniya, alhali ya yi babban bincikensa na farko shekaru goma sha biyar kafin su yi aure.

An haife shi a birnin Paris na ƙasar Faransa ranar 15 ga Mayu, 1859. Mahaifinsa likita ne, kuma a gida ya yi karatun farko. Tun yana saurayi hankalinsa ya karkata ga duwatsu masu sheƙi, musamman wanda masana ke kira kwats. Dutse ne da ya ƙunshi silikon da iskar oksijin, yana samuwa idan narkakken dutse ya huce, ko ruwan zafi ya ratsa tsagar duwatsu ya bar shi a can. Ba ya da wuyar ganewa. Idan ya samu sarari yakan fito da gefe shida da tsini a ka, yana kartar gilashi, wuƙa kuwa ba ta kartarsa.

A 1880 Pierre da wansa Jacques suka gano cewa idan aka matsa wannan dutse, lantarki na bayyana a jikinsa. Shekara guda bayan haka suka tabbatar da hasashen Gabriel Lippmann, cewa idan aka sa masa lantarki shi ma yakan motsa. A kan wannan aka gina agogon zamani, inda ɗan ƙanƙanin kwats ke kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa guda. Kamfanin Seiko na Japan ya fara sayar da irin wannan agogon hannu a 1969.

Na'urar awon da 'yan'uwan biyu suka ƙera da dutsen ita ce Marie ta yi aiki da ita a binciken da ya kai su ga gano sinadarin radiyam a 1898. A 1903 miji da mata suka raba kyautar Nobel da Henri Becquerel.

Ranar 19 ga Afrilu, 1906, ana ruwan sama, keken doki mai ɗaukar kaya ya take Pierre a titin Dauphine da ke Paris. Nan take ya cika, yana da shekara 46.