Ɗan Maraya Jos, Mawaƙin Talakawa

An haifi Alhaji Adamu Wayya, wanda duniya ta sani da Ɗan Maraya Jos, a garin Bukuru kusa da Jos cikin shekarar 1946. Mahaifinsa makaɗi ne a gidan Sarkin Hausawan Bukuru. Bai daɗe da zuwa duniya ba uban ya rasu, uwar kuma ta bi bayansa tun yana jariri. Sarkin Hausawa ne ya ɗauke shi ya riƙa, daga nan sunan Ɗan Maraya ya bi shi har ƙarshen ransa.

Da ya tasa ya yi tafiya Maiduguri, a can ya ga ana kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa. Kuntigi dai ɗan abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya tak, ana yinsa da gwangwanin kifi a rufe da fatar akuya. Da shi kaɗai ya riƙa waƙa, ba 'yan amshi, ba tarin makaɗa.

Yawancin mawaƙa sarakuna da attajirai suke bi, domin nan kyauta take. Shi kuwa waƙar da ta fito da shi ta Karen Mota ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Ƙaraye ko ta Rogo ya san wannan bawan Allah. Shi ke lodi, shi ke sauke kaya, shi ke rugawa ya sa katako a bayan taya idan mota ta tsaya a hawa. Dare ya yi ya kwana a gindin mota cikin riga mai baƙin mai, gari ya waye direba ya zage shi. Ɗan Maraya ya dubi wanda kowa ya raina, ya sa ƙasa duka ta saurari labarinsa.

Bai tsaya nan ba. Ya yi Mai Akwai da Babu a kan zaman mai hali da matalauci, ya yi Auren Dole a kan iyayen da ke aurar da 'ya ga wanda ba ta so. A cikin Jawabin Aure yakan sake murya ya zama miji, ya sake ya zama mata. Mutane su yi ta dariya, sai daga baya su gane da su ake.

Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma. Ya rasu a Jos ran 20 ga Yuni, 2015.

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu da gumin noma da dako ake biya mana kuɗin littafi. Idan Allah ya ɗaukaka mu, kada mu ga ɗan kamasho ko lebura mu kau da kai. Allah ya jiƙan Ɗan Maraya, amin.