Al-Jahiz: Mai Tallan Kifin Da Ya Gano Sarƙar Abinci

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar kifi ta Maurada a Omdurman ya ga giwan ruwa da karfasa an jere su gefe da gefe. Karfasa tana cin gansakuka, giwan ruwa yana cin karfasa, mu kuma mu ci giwan ruwa. Wannan ita ce sarƙar abinci, kuma ɗaya daga cikin malaman farko da suka rubuta bayaninta shi ma da tallan kifi ya fara.

Sunansa Abu Usman Amru ɗan Bahar. An haife shi a Basra wajen shekarar 776 Miladiyya, aka yi masa laƙabi da Al-Jahiz saboda fitowar ƙwayar idanunsa. Ɗan talakawa ne, yana sayar da gurasa da kifi a bakin ruwa. Duk da haka bai bar zaman karatu a masallaci ba. Ya ɗauki Larabci wurin Asma'i da Abu Ubaida, ya kuma riƙa zuwa kasuwar Mirbad yana sauraron Larabawan ƙauye. A aƙida ya bi Mu'utazilawa, amma har waɗanda suka saɓa masa sun yarda da fasaharsa.

A Kitabul Hayawan, mai juzu'i 7, ya nuna yadda sauro ke rayuwa da jinin manyan dabbobi, da yadda ɓera ke cin abin da bai kai shi ƙarfi ba yana gudun maciji da tsuntsaye masu farauta. Ya lura cewa mai ci shi ma abin ci ne, ya ɗauki hakan ayar hikimar Allah. Sai a 1927 Charles Elton na Ingila ya yaɗa wannan fahimta a kimiyyar zamani.

Ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki, ya rasu a Basra a shekara ta 255 bayan Hijira.

Darasinsa ya shafe mu. Idan muka kwashe ƙananan kifi da raga mai ƙananan ido, manyan za su rasa abinci, masunci ya koma gida hannu rabbana. Idan aka sare dajin Sunut na bakin Farin Nilu a Khartum, tsuntsayen da ke cinye ƙwari za su rasa masauki. Ɗalibanmu su riƙa lura da halitta kamar yadda ya yi. Allah Ya ba mu ikon riƙon amanar ƙasa.