Malam Aminu Kano: malamin aji ne tun kafin siyasa

Jiya na raka ɗan ƙanena wata firamaren gwamnati a Fagge. Aji cike maƙil, wasu yaran a ƙasa, suna ta maimaita Turanci bayan malamarsu. Da aka tashi na tambayi yaron ma'anar abin da ya rera, sai ya yi tsuru. Nan take Malam Aminu Kano ya faɗo mini a rai.

Mun fi saninsa da siyasa, amma fa malamin makaranta ne tun farko. An haife shi a 1920 a gidan ilimi. A gida ya fara karatun Alƙur'ani, sannan ya shiga makarantar Shahuci, ya wuce Midil ta Kano da Kwalejin Kaduna. Ya koyar a Bauchi, a 1946 ya tafi Landan ƙaro ilimin koyarwa, da ya dawo aka kai shi Maru.

Turanci bai raba shi da addini ba, don an san shi da tafsiri lokacin azumi. Da aka kafa NEPU a Sabon Gari a 1950, ya ajiye aiki ya shige ta, kuma da Turancin nan ya kai kukan talaka gaban Turawan mulki da majalisa. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983.

'Yan uwa, ɗan mai hali yana da makarantar kuɗi, ɗan talaka kuwa wannan ajin kaɗai gare shi. In ya fita bai iya karanta takardar asibiti ko sammacin kotu ba, wa zai tsaya masa? Mu riƙa leƙa makarantun 'ya'yanmu, mu tambaye su ma'ana, ba hadda kawai ba.

Allah Ya jiƙan Malam da rahama.