Barbara McClintock (1902–1992): Masaniyar Gadon Halitta

An haifi Barbara McClintock a birnin Hartford na Amurka a 1902, ta samu digirin digirgir a Jami'ar Cornell a 1927. Kan masara ta ƙare rayuwarta tana bincike. A 1941 ta nuna cewa idan kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da gadon halitta, ya karye, ƙwayoyin halitta sukan gane raunin, amma martaninsu ya bambanta: a ɗan tayin iri bakin karayar yakan warke, a tsokar da ke ciyar da shi kuwa sai ya riƙa haɗewa yana sake tsinkewa. Takwarorinta sun daɗe suna shakkar bincikenta kan ƙwayoyin gado masu ƙaura, wanda ya kawo mata kyautar Nobel a 1983. Ta rasu a 1992.